Farautar Yamusa A Arewacin Kamaru: Yadda Ake Bin Sawun Dabbar Da Attajiran Duniya Ke Biyan Maƙudan Kuɗi Don Su Harba

A kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, sanyin hunturu ya fara kankama, akwai wasu baƙi da ke sauka a filin jirgin sama na Garwa, babban birnin Yankin Arewa na Jamhuriyar Kamaru. Suna zuwa ne daga Amurka da Faransa da Sifaniya da Jamus da wasu ƙasashe, kowanne da doguwar akwatin bindigarsa da takardun izini. Ba sa daɗewa a gari. Motoci ne ke kwasar su zuwa sansanonin da ke cikin dazuzzukan kogin Binuwai da na Faro, inda za su shafe kusan mako biyu suna tafiyar ƙasa a bayan wata dabba guda ɗaya, wadda mai yiwuwa ne su koma gida ba su ko ɗora mata bindiga ba.

Fulanin yankin suna kiran dabbar yamusa. Ita ce mafi girma a duk dangin gwanki da kanki da barewa a faɗin duniya, kuma arewacin Kamaru na cikin 'yan wuraren da suka rage inda doka ta yarda a farauce ta. Wannan harka tana gudana ne a maƙwabtan Jihar Adamawa, a bakin kogin da ya ratsa Yola da Makurɗi, amma kaɗan ne daga cikin mutanenmu suka san da ita. Ga yadda ake yin ta, da kuɗin da ke cikinta, da kuma dalilin da ya sa ake ta taƙaddama a kanta.

Wace irin dabba ce yamusa?

Wanda ya san gwanki, ya ƙaddara dabbar da ta ninka shi nauyi sau biyu ko fiye. Ƙasaitaccen namijin yamusa yakan kai kilo 900, wani ma ya doshi 1,000, tsayinsa kuma daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai mita ɗaya da rabi zuwa santimita 180. Jikinsa ja-ja ne mai ratsin fari takwas zuwa goma sha biyu da suka gangaro daga gadon baya. Yana da leɓe mai faɗi a ƙarƙashin wuya irin na bijimin sa, da manyan kunnuwa, da murɗaɗɗun ƙahoni da kan haura mita guda. Mace ma tana da ƙaho, sai dai nata sirara ne. Idan namiji ya manyanta wuyansa yakan yi baƙi ƙirin, musamman a lokacin barbara, kuma wannan baƙin wuya ne mafarauta suka fi ƙwallafa rai a kai.

Masanin dabbobi na Ingila John Edward Gray ne ya bayyana ta a rubuce a 1847, ya kuma laƙaba mata sunan wani basaraken Ingila, Lord Derby, wanda ya shahara da tara namun daji. Shi ya sa har yau Turawa ke kiran ta da sunansa.

Abincinta ganye ne fiye da ciyawa. Ta fi son dajin da itacen doka ya yi yawa, itacen da ko a littattafan kimiyya sunansa na Hausa ya bi shi, domin masana suna kiran sa Isoberlinia doka. Takan sa ƙahonta ta karya reshe don ta kai ga ɗanyen toho, ta ci ganyen baushe da gauɗe da makamantansu. Duk da girman jikinta tana da gudu, tana tsallake abin da ya kai mita ɗaya da rabi, kuma ba ta da wurin zama guda: garke yakan ci kilomita masu yawa a yini yana tafe yana kiwo. Macen tana ɗaukar ciki wata tara, ta haifi ɗa ɗaya. Wannan jinkirin haihuwa shi ne ya sa idan garke ya karye, yakan daɗe bai farfaɗo ba.

Yamusa iri biyu ce. Ta yamma ta kusa ƙarewa, domin abin da ya rage a daji bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, a gandun Niokolo-Koba na ƙasar Sanagal, kuma ba a farautar ta. Tun daga shekarar 2000 ake ƙoƙarin hayayyafa ta a killace a Sanagal, da taimakon masana daga Jamhuriyar Czech, aikin da aka fara da dabbobi shida kacal. Ta gabas kuwa tana Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da Sudan ta Kudu. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ƙiyasta jimillar yamusa tsakanin 12,000 da 14,000, kuma a 2017 ta sanya ta a jerin dabbobin da ke fuskantar barazana.

Inda ake farautar

Yankin Arewa na Kamaru yana da manyan gandun daji uku na ƙasa: na Binuwai mai faɗin hekta 180,000, da na Buba Njida mai hekta 220,000 a kan iyakar Chadi, da na Faro mai hekta 330,000 kusa da iyakar Najeriya. A cikin waɗannan uku an haramta harbi gaba ɗaya. Amma a kewayensu da tsakaninsu gwamnati ta yanka daji kashi-kashi, kusan yanki talatin, ta ware su don farauta. Idan aka haɗa gandun da yankunan farautar, sun cinye kimanin kashi 44 cikin 100 na faɗin Yankin Arewa baki ɗaya.

Kowane yanki gwamnati na bayar da shi haya na wasu shekaru ga mai sana'ar jagorancin farauta da ke da lasisi, kuma yawancin masu hayar Turawa ne, musamman Faransawa. Mai haya shi zai gina sansani, ya share hanyoyin mota bayan kowace damina, ya ɗauki masu gadi, ya kuma nemo baƙi daga ƙasashen waje. A da Afirka ta Tsakiya ce kan gaba a wannan farauta, amma yaƙin da ya ɓarke a ƙarshen 2012 ya kori yawancin masu sansanoni, kasuwar ta karkato Kamaru.

Sunan da duniya ta san irin wannan tafiya da shi, wato safari, ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Ya fito ne daga Sawahili, su kuma sun aro shi daga Larabci, daga tushen da ya ba mu kalmar safara.

Yadda ake bin sawu

Abin da ya bambanta farautar yamusa da sauran shi ne ba a yi mata kwanton-ɓauna a bakin ruwa, ba a kuma harbin ta daga kan mota. Da ƙafa ake cim mata, kuma duk nasarar tafiyar tana hannun masu bin sawu, mutanen ƙauyukan yankin waɗanda da yawansu a gidan farauta suka tashi.

Ayarin yakan ƙunshi baƙon da ya biya kuɗi, da jagoran farauta, da masu bin sawu biyu, da mai ɗaukar ruwa, da direba, da kuma jami'in gandun daji da ke wakiltar gwamnati. Tun da asuba ake barin sansani. Mota na tafiya a hankali, masu bin sawu na zaune a sama idanunsu a ƙasa, suna duba inda garke ya tsallaka hanya cikin dare, ko inda ya tsaya lasar kanwa. A farkon rani akan cinna wa busasshiyar ciyawa wuta da gangan, tun tana da sauran danshi. Wannan na buɗe daji a riƙa hango nesa, yana fito da sabon toho, sannan tokar da ta kwanta takan riƙe sawu kamar an buga hatimi.

Idan aka ga sawu, tambaya ta farko ita ce: na yaushe ne? Mai bin sawu yakan tsuguna ya duba bakin sawun, ko yana nan da kaifinsa ko iska ta fara cike shi. Yakan duba ko ƙwaro ko ɓera ya bi ta kai, domin hakan na nuna sawun ya kwana. Yakan murje kashin dabbar da yatsa ya ji danshinsa da ɗuminsa. Yakan ɗauki reshen da aka karya ya ga ko ruwan itacen bai bushe ba, ko ganyen da ya faɗo daga bakinta bai yi yaushi ba. Tambaya ta biyu: akwai babban namiji a ciki? Faɗin kofato da zurfinsa ne ke ba da amsa. Idan babu, sai a bar garken a ƙara gaba.

Daga nan sai tafiya. Ana jerawa ɗaya bayan ɗaya, ba magana sai da hannu. Yamusa tana tafe tana ci, amma takunta na kiwo ya kusa saurin tafiyar mutum, don haka akan yi awa biyar ko shida kafin a rage tazara. Inda ƙasa ta yi tauri ko aka hau fa, sawu yakan ɓace, sai masu bin sawun su rabu, su yi ta zagaye har ɗaya ya tsinto ɗan dutsen da aka ture ko ciyawar da aka take. Tafiyar kilomita 15 zuwa 20 a yini ba abin mamaki ba ce, ga cizon tsando, ga zafin da a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40.

Babban abin tsoro shi ne iska. Mai bin sawu na ɗauke da ɗan ƙunshin toka a tsumma, yana kaɗa shi lokaci-lokaci don ya ga inda iska ta dosa. Da hantsi zuwa tsakar rana iskar daji ba ta da alƙibla, kuma a daidai lokacin ne garke ke tsayawa hutawa a inuwa, mata na kewaye, kowacce ta fuskanci wani ɓangare. Ko iska ba ta tona asiri ba, carki da ke bin jikinsu yana iya tashi da kuka, ko kanki ko raƙumin dawa da ke kusa ya zabura. Da zarar garke ya firgita, yakan kama sassarfa ya yi kilomita da dama bai tsaya ba, aikin yini guda ya tashi a banza. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, to ina ga wanda ya nemi yamusa.

Idan an yi sa'a an matso, jagora ne zai sa madubin hangen nesa ya zaɓi dabbar. Ƙa'idar sana'ar ita ce a harbi tsohon namiji wanda ya riga ya yi barbara shekaru, wanda ake ganewa da kaurin wuya da ƙahon da bakinsa ya dakushe. Akan kafa wa baƙo sanduna ya ɗora bindiga, galibi mai ƙarfi irin .375 da aka fara ƙerawa a Ingila a 1912, kuma sau da yawa daƙiƙu kaɗan yake da su kafin dabbar ta shige bayan itace. Idan ya ji mata rauni ta tsere, wajibi ne a bi jininta, kuma ko ba a same ta ba an ƙirga ta a kansa, sai ya biya. Idan ta faɗi, Musulmin da ke cikin ayarin sukan hanzarta su yanka ta don naman ya halatta. Baƙo ƙaho da fata kawai yake tafiya da su. Naman, wanda ya kai ɗaruruwan kilo, na ma'aikatan sansani ne da ƙauyukan da ke kusa.

Doka da kuɗi

Dokar gandun daji da namun daji ta Kamaru ta 1994, wadda aka sabunta a 2024, ta kasa dabbobi gida uku. Na farko su ne masu cikakkiyar kariya. Na biyu su ne waɗanda ba a harbin su sai da lasisi na musamman, kuma nan yamusa take. Na uku su ne ƙananan dabbobin da aka sassauta a kansu. Ma'aikatar Gandun Daji da Namun Daji da ke Yawunde ce ke buɗe lokacin farauta a watan Disamba, ta rufe kafin damina ta zauna, ta kuma yanka wa kowane yanki adadin da za a harba a shekara, wanda ga yamusa 'yan ƙalilan ne. Baƙo ɗaya, yamusa ɗaya.

Kuɗin tafiyar ba na talaka ba ne. Idan aka haɗa kuɗin kwanakin sansani da lasisi da izinin shigo da bindiga da harajin dabbar da aka harba, ba kasafai yake yin ƙasa da dala 30,000 ba, kuma yakan haura haka nesa. Ban da wannan, mai sansani na biyan harajin hayar daji gwargwadon faɗin yankinsa. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne rabin wannan haraji ya shiga baitulmalin gwamnati, kashi 40 cikin 100 ya tafi ƙananan hukumomi, kashi 10 kuma ya je ga al'ummomin da ke maƙwabtaka da dajin.

Me ke sa mutum ya kashe wannan dukiya a kan ƙaho? Wani ɓangare na amsar yana cikin littattafan bajinta. Tun 1892 kamfanin Rowland Ward na Landan ya fara buga kundin da ke jera ƙahonin da suka fi tsawo da sunayen waɗanda suka harbo su, kuma ƙungiyar Safari Club International ta Amurka tana da nata. A wurin masu wannan sha'awa, yamusa na cikin dabbobin da suka fi daraja saboda wahalar samunta.

Taƙaddamar da ke kanta

Masu goyon baya suna kafa hujja da ƙasa. A cewarsu, wannan daji mai tsando da zafi da nisa ba ya jan masu yawon buɗe ido da kyamara kamar Kenya ko Tanzaniya, don haka kuɗin mafarauta ne kaɗai ke biyan masu gadi da gyaran hanyoyi. Suna cewa harbe tsofaffin maza kaɗan a shekara ba ya rage garke, amma ranar da mai sansani ya tattara ya tafi, cikin 'yan shekaru dajin zai koma gonakin auduga da mashekarin shanu, kuma a lokacin babu yamusar da za ta saura, tsohuwa ko yarinya. Suna kuma nuni da cewa yankunan farautar ne ke haɗa gandun uku, su ba dabbobi hanyar ƙaura daga wannan zuwa wancan.

Masu adawa kuma suna da nasu hujjojin. Wasu na ganin kashe dabba don ado da alfahari abin ƙyama ne ko da kuwa yana kawo kuɗi, ra'ayin da ya ƙara ƙarfi a Turai da Amurka bayan wani Ba'amurke ya harbe zakin nan Cecil a Zimbabuwe a 2015. Wasu kuma ƙorafinsu na adalci ne: kaso mafi tsoka na kuɗin yana tsayawa a hannun masu sansani da dillalansu na waje, kashi goman da aka ce na jama'a ba kullum yake isa ƙauye ba, sannan ɗan ƙasa da kakanninsa suka yi farauta a dajin, idan aka kama shi da gada sunansa ɓarawon daji, alhali baƙo na harbin yamusa da takarda. Akwai kuma masu tambayar ko adadin da ake yankawa ya dogara ne a kan ƙidaya ta gaskiya.

Ƙasashen Afirka ba su yi ittifaƙi ba. Kenya ta haramta irin wannan farauta tun 1977. Botsuwana ta dakatar da ita a 2014, ta kuma dawo da ita a 2019 bayan koke-koken mazauna karkara. Kamaru ta zaɓi ta ci gaba.

Abin da ya fi bindigar baƙo haɗari

Ko masu adawa da farautar sun yarda cewa manyan barazanar suna wani wuri. Ta farko cuta ce. Annobar bushiya da ta karkashe shanun Fulani a Najeriya da maƙwabtanta a 1983 ta yi wa yamusa mummunar ɓarna, domin tana cikin namun dajin da cutar ta fi kamawa. Sai a 2011 aka ayyana kawar da bushiya daga duniya.

Ta biyu ita ce matsin jama'a. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, wadda mutanen Adamawa da Binuwai suka sani saboda ambaliya, jama'a suka yi ta kwararowa kwarin Binuwai daga arewa mai nisa don noma da kamun kifi. Gonakin auduga da masara suna cin daji, masu haƙar zinariya suna kafa sansani a bakin koguna suna cin naman daji, makiyaya kuma na shigowa da dubban shanu a rani, suna sassabe rassan itatuwan da yamusa ke ci. Su ma makiyayan suna da hujjarsu, domin burtali da makiyaya sun ƙuntata a ko'ina.

Ta uku ita ce 'yan bindiga. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da manyan makamai suka shigo Buba Njida daga wajen Sudan da Chadi, suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni, sai da gwamnati ta tura sojoji. A wannan yanki ne kuma karkandan Afirka ta Yamma ya yi zamansa na ƙarshe: binciken 2006 bai samu ko ɗaya ba, kuma a 2011 aka ayyana ƙarewarsa. A shekarar ce Kamaru da Chadi suka rattaba hannu kan yarjejeniyar haɗa Buba Njida da gandun Sena Ura a kula da su tare, suka kuma sa wa haɗakar sunan Yamusa.

Abin da ya shafe mu

Dajin doka bai san iyaka ba. Irinsa ne ya shimfiɗu daga Faro zuwa Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, da Yankari a Bauchi, da Kamuku a Kaduna. Dattawa da dama suna tuna lokacin da ake ganin gwanki da kanki da mariya da gwambaza ba da nisa da gari ba. Yau yaro a Kano ko Zariya ya san kirarin gwanki sha bara, amma bai taɓa ganin gwankin ba. Ba baƙi masu lasisi ne suka ƙarar da namu ba. Farautar gayya da ƙunar daji da saran itace don gawayi da faɗaɗa gonaki ne suka yi aikin, sannan wasu dazuzzukan da dabbobi suka bari, 'yan bindiga suka gaje su.

Darasin Kamaru bai tsaya ga a yi farauta ko a hana ba. Abin da ya nuna shi ne daji ba ya tsira sai akwai mai biyan kuɗin tsaronsa, kuma sai mutanen da ke zaune a bakinsa sun ga amfaninsa a rijiyarsu da makarantarsu da aljihunsu. Tun 1970 Garwa ke da makarantar horar da jami'an namun daji da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu yawa. Amma ilimin da baƙon Amurka ke ƙetare teku ya biya dominsa, na mutumin da ke duban toka ya faɗi awa nawa da wucewar garke, ba a aji ake samun sa ba. Irin wannan ilimi yana nan a wurin sarakunan baka da maharbanmu, kuma hukumomin gandun daji za su iya ɗaukar su aikin gadi da ƙidayar dabbobi da jagorancin baƙi. Idan aka bari dabbobin suka ƙare, ilimin ma zai bi su, domin ba a koyon bin sawu a dajin da babu sawu.